Jan Baki da Koren Baki

Al-Shifa, Riyad
6 ga Janairu, 2025

Baba,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da mutanen Tudun Wada baki ɗaya. Tunda kunnenka ya daina ɗaukar waya, ga takarda na ba Najib da zai sauka Kaduna jibi.

Na sami na'urar da ke juya faifan zare, irin na naɗar sauti na da! A unguwar Batha take, a shagon wani dattijo ɗan Damagaram, Malam Salisu, mai gyaran rediyo. Da ya ga faifanka sai da ya cire tabarau ya goge. Ya ce zaren ya sha damshi, don haka ya gasa shi awa takwas a na'urar busar da dabino. Sannan muka juya shi sau ɗaya, na naɗe a kwamfuta. Jan gari ya yi ta zuba daga jikinsa. Malam Salisu ya ce, "Hajiya, khalas, shi ke nan. In aka sake juya shi, zai iya zama ƙura."

Baba, ashe haka kake? Sauti ya taso daga shiru, ya kumbura, sai a datse shi ɗif. Na kunna wa injiniyoyin asibitinmu, wani Bamisre ya rantse ba a yi wannan a 1979 da reza da salatif ba. Ya ce a Alƙahira da Faris da Jamus aka san masu irin wannan aiki na farko. Na ce ya ƙara da Kaduna.

Amma muryar Inna ba ta ciki. Ka ce mini tana cikin wannan faifan, kuma shi kaɗai ne ya rage. Na saurara sau goma sha ɗaya. A wurin da ya kamata a ji mutum, wani gurnani ne kamar na mai shaƙewa. Ina da shekara biyu ta rasu, na kai arba'in da ɗaya ban san yadda take magana ba. Na yi kuka a jirgin ƙasa na metro har wata Bafilifina ta miƙo mini hankici. Ko faifan na ɗauko ba daidai ba?

'Yarka,
Kamila

Tudun Wada, Kaduna
15 ga Janairu

Kamila uwata,

Wa alaikumus salam. Allah ya yi miki albarka, ya saka wa mutumin Damagaram.

Na yi dariya har tari ya sarƙe ni, daga baya kuma dariyar ta tsaya. Tambaya ɗaya: wane launi ne a bakin zaren da kuka fara sawa? Na san ja ne. Mu ma'aikatan gidan rediyo ba ma mayar da zare farko in mun gama aiki. A ƙarshensa muke ajiye shi, don naɗin ya zauna daidai. Kore shi ne farko, ja shi ne ƙarshe. Mai gyaran rediyon gida ba zai san wannan ba, kuma laifina ne da ban gaya miki ba. Ke da injiniyoyinki kun saurari aikina daga ƙarshe zuwa farko, kuna ta tafi!

Ba komai, an saba. Shugabanmu na lokacin ya ji shi a daidai ma ya ce in duba ko injin ya lalace. Wata huɗu na yi ina yanka. Na ɗauki ƙarar turmin uwarki, na rage mata gudu har ta koma kamar aradu. Na haɗa da fiton na'urar gwaji da ɗigon famfo. Wani yankin bai kai tsawon farce ba. Waɗancan mutanen na ƙasashen waje a mujalla kawai na karanta labarinsu, ban taɓa jin aikinsu ba. Na ce in dai reza ce, ni ma ina da ita.

Gurnanin nan da kika ji, uwarki Safiyatu ce.

Yanzu saurara. Sai an mayar da zaren an fara daga kore. Na san zai mutu. Shi ne abu ɗaya da na yi a duniya da hannuna wanda ba a sa ni ba, kuma na kwana biyu ina juya maganar. Ki koma Batha. Ki juya shi, ko da zai zube a hannunki. Ni ko an kunna mini ba zan ji ba. Ke kike da kunne.

Mahaifinki,
Inuwa

Al-Shifa
23 ga Janairu

Baba,

Gaisuwa mai yawa. Faifanka na nan lafiya cikin kwalinsa, ba wanda zai ƙara taɓa shi. Kwamfuta tana juya sauti baya da dannawa ɗaya, haka na yi wa wanda na naɗe. Na so in tsokane ka a kan wannan, amma na kasa.

Aikin ya fi kyau nesa ba kusa ba. Turmin ya buga, ya yi amo, ya lafa a hankali. A minti na shida komai ya yi tsit, sai wata mace mai 'yar siririyar murya ta ce, "Inuwa, don Allah ka kashe abin nan ka zo ka ci tuwo kafin ya huce." Sai ta yi dariya, ta ja numfashi ta hanci a ƙarshe.

Baba, dariyata ce. Shekara da shekaru ana yi mini tsiya a kanta. Me ya sa ba ka taɓa gaya mini ba?

Kamila

Tudun Wada
2 ga Fabrairu

Uwata,

Da na gaya miki, da kin riƙa jin nauyin yin ta a gabana, ni kuma ita nake saurare.

Ban kashe na'urar ba ranar nan. Tuwon ya huce, ta yi kwana biyu tana fushi da ni. Ki gaya wa Bamisren nan ya sake saurara, daga kore.

Allah ya jiƙan Safiyatu.

Inuwa