Kilo Arba'in a Motar Jajaye

Talata, bayan la'asar

Zuwa ga Yayana abin alfaharina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kana lafiya, kai da Mamansu da sauran yara. Yaya ƙafar? Ina fata kana shan maganin a kan kari, ba sai an bi ka da shi shagon aski ba.

Za ka yi mamakin ganin takarda a zamanin waya. Mai ƙungiyarmu ta tseren motoci, Jajaye, ya karɓe wayoyinmu duka har a gama gwajin kwana ukun nan, wai kada hoton sabuwar motar ya fita kafin a buɗe gasa. Kuma ko wayar na hannuna, na san halinka. Da na kira sai ka ƙure murya kowa a shagon ya ji, har wanda ake wa aski ya juyo. Direban da ke kawo mana tayoyi ne zai miƙa maka wannan.

Na san labari ya riga ni isowa, kuma gaskiya ne: ɗanka ne ya fi kowa gudu da motarmu yau. Abokan hamayyarmu Koraye da duk kuɗinsu sai da ya ba su ratar daƙiƙa guda a zagaye. 'Yan kallon da suka leƙo ta bayan shingen waya suna ta ihun Walƙiya, Walƙiya, har ni da na goya shi yana yaro na kusa manta sunansa na yanka. Direban tayoyin ya ce tun safe ka sa jar hularka kana zagaya magoya bayan Koraye ɗaya bayan ɗaya, kana tambayarsu ko za su canja ƙungiya tun da sauran wuri.

Ka tuna musun da kuka yi wata uku kan sabuwar dokar nan da ta yarda a rage wa kowace mota nauyin kilo arba'in? Kai ka ce za ta kashe ƙananan ƙungiyoyi, don manya ne kaɗai za su iya sayen kaya marasa nauyi. Mai aski ya ce tsoro ne kawai irin na Jajaye. To, ga shi mu ma mun rage arba'in ɗin cif.

Abu ɗaya nake roƙo, Yaya. Ka sassauta cika bakin nan tukuna. Gwaji gwaji ne. Ba zan iya ƙarin bayani yau ba.

Ka gaida kowa.

Ƙaninka,
Auta

Laraba, lokacin hutun rana

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina gaida Mamansu. Wannan takardar kai kaɗai za ka karanta, kada ka buɗe ta a shago.

Jiya na yi maka ƙumbiya-ƙumbiya, yau zan fasa ƙwai. Ka san kejin ƙarfen nan da ke cikin mota, wanda ke kewaye direba don ko ta kife kada rufin ya danne shi. Makon jiya, ina can wajen gyaran giyar mota, Injiniyan ƙungiyarmu ya sa aka yanke bututunsa aka mayar da wasu. Daga waje kaurinsu ɗaya, fentinsu ɗaya. Amma shekara goma sha tara ina taɓa ƙarfe, ba a ɓoye mini wannan. Na ƙwanƙwasa da sifana na ji ƙarar tana amsawa kamar gwangwani. Ta ciki ƙarfensu ba shi da kauri. Rabin kilo arba'in ɗinmu daga nan ya fito.

Na tari Injiniya a bayan gareji. Ya ce masu duba motoci daga waje suke aunawa, kuma ai Walƙiya ba ya kifar da mota. Na je wurin mai ƙungiya, ya dafa kafaɗata ya ce in bari a ci tseren farko biyu, masu ba da kuɗin talla su shigo, sai a sayi na kirki. Ya kuma tuna mini cewa bakanike ba ya wuyar samu.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne yaron nan ya sani. Na same shi yana ɗaure takalmi na gaya masa, ko ɗago kai bai yi ba. Cewa ya yi, “Baba Ƙarami, shekara huɗu ina shan ƙurar mutane. Bana ce tawa. Don Allah kada Baba ya ji.”

Ɗazu da safe ya shiga kwana ta shida, inda hanya ke gangarawa, tayoyin hagu suka ɗaga daga ƙasa har na ga haske a ƙarƙashinsu. Motar ta yi kamar tana shawara, sannan ta dawo ta zauna. 'Yan kallo suka tafa. Ni kuwa sai da na nemi wuri na zauna.

Gobe ne ranar ƙarshe, za a yi zagaye sittin da cikakken tanki, motoci duka a hanya tare. Idan na gaya wa masu duba motoci, za a hukunta ƙungiyar da ka bi tun kafin a haife shi, ni kuma aikina ya ƙare, shi kuma ba na jin zai yafe mini. Idan na yi shiru, ni ne zan ɗaure masa bel ɗin kujera da hannuna gobe.

Ɗanka ne. Ka gaya mini abin da zan yi. Direban tayoyin zai juyo da safe, ko kalma ɗaya ce ka rubuta ka ba shi.

Naka cikin damuwa,
Auta

Lahadi

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum warahmatullah. Ina fata kun tashi lafiya. Ni ma lafiya, ina gidan wani abokin aikina na dā, ya ba ni ɗaki kafin in san inda na dosa. An mayar mini da wayata, amma na kasa kiranka, shi ya sa na sake ɗaukar biro.

Ranar Alhamis direban tayoyin ya iso da ƙarfe takwas. Na tare shi tun bai kashe mota ba. Ya ce ka karanta takardar sau biyu a ƙofar gida, ka ninke ta ka sa a aljihu, ka shige ciki. Ya jira har ya gaji, ba ka fito ba. Ban ga laifinka ba, Yaya. Kaya ne na ɗora maka don na kasa ɗauka ni kaɗai.

Saura minti ashirin a fara, yaron ya riga ya sa hular kwano, na ajiye sifana na taka zuwa rumfar masu duba motoci. Tafiyar ba ta fi taku ɗari ba, amma sau biyu na tsaya. Na ce wa babbansu ya huda bututun da ke bayan kujerar direba ya gani. Suka zo su uku da na'urar huji. Ko numfashi biyu ba a yi ba ta ɓulla ta ɗaya gefen.

Sauran ka ji shi. An hana Jajaye shiga tsere ukun farko, an kori Injiniya daga harkar na shekara biyu. Mai ƙungiya bai ma yi mini magana ba, akwatin kayan aikina na tarar a bakin ƙofa. Walƙiya ya cire hular ya wuce ta gabana kamar bai taɓa sanina ba. Na aika masa saƙo uku, yana gani, ba ya amsawa. Magoya baya kuwa sun raɗa mini suna iri-iri a waya. Wasu sun rantse Koraye ne suka saye ni, har da faɗin irin motar da aka ba ni, ni da ko keke ba ni da shi.

Jiya Mamansu ta kira ni. Ta ce ranar Juma'a ka je shagon aski ka tarar ana cin namana, mai aski na cewa gidanmu ne ya haifi maci amanar Jajaye. Ta ce ka bari sai da kowa ya gama, sannan ka dogara sandarka ka miƙe, ka ce musu kai ne ka sa ni, duk mai zagi ya fara da kai. Ta ce tun ranar kujerarka a shagon babu kowa a kai, kuma ka faɗa wa yaron haka a waya, ya kashe wayar a kunnenka.

Yaya, ni da kai mun san ba ka sa ni ba. Shekara talatin kana zama a shagon nan, kuma ɗan nan shi ne hasken idonka. Da ka bar ni na sha zagin ni kaɗai, da ko kusa ban ji haushi ba. Tunda ta gaya mini nake kuka kamar ƙaramin yaro, abokina har ya zaci rasuwa aka yi.

Ina tafe ranar Laraba in Allah ya yarda. Idan yaron ya zo gida ya tarar da ni, kada ka tilasta masa ya gaishe ni. Ya shigo da ƙafafunsa ya harare ni, wallahi ya ishe ni.

Ka gaida Mamansu, ka yi mata godiya.

Ƙaninka har abada,
Auta