Salukin Baba Mai Gajerun Ƙafafu

Wadi Umm Sidra, ranar Lahadi.

Zuwa ga ƙanena Atalla,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ya aikin tashar jiragen ruwa, ya zafin Aƙaba? Mu nan lafiya lau, in ka cire abin da ka jawo mana. Na ba Suwailim mai tankar ruwa wannan takarda ne don ba zan hau dutse neman sabis ba, in tsaya ina yi maka faɗa iska tana kwashe rabin maganata.

Allon da ka aiko ya iso, an kafa shi a bakin kwazazzabo: "Zangon Abu Atalla, muna maraba da baƙi da karnukansu." Baba da ba ya karatu, sai ya tsaya yana yaba kyan fenti. Jiya baƙonka na farko ya sauka, wani dattijo daga Madaba, Ustaz Hanna, tsohon malamin makaranta. Tun da safe Baba ya sa sabuwar alkyabbarsa, ya daka gahawa da hannunsa, yana ce mini, "Fidda, ɗauko bargon Risha ki kakkaɓe, yau gidan nan zai sake ganin saluki." Ka san tun da Risha, karyar farautarsa mai dogayen ƙafafu da ba ya yarda a kira ta kare sai saluki, ta mutu bara bai ƙara fita farauta ba.

Aka buɗe mota, sai ga wani abu ya sauko da ƙyar. Gajere, ƙato, kunnuwa na sharar ƙasa, yana haki kamar da ƙafa ya zo daga Madaba. Wai sunansa Simsim. Baba ya dube shi, ya dube ni, ya ce, "Wannan fa?" Na ce, "Kare ne, Baba." Ya ce, "Ai na ga kare ne. Ina salukin?"

Bai nuna wa baƙo komai ba, ka san shi. Amma bayan la'asar ya ja ni har bakin hanya ya sa na karanta masa allon, kalma bayan kalma. Atalla, ban taɓa ganin fuskarsa haka ba. Ya ce shekara saba'in saluki kaɗai ke taka shimfiɗarsa, kare kuwa wurinsa bayan garke, yau ga shi ɗansa na cikinsa ya jera sunansa da na kare a kan katako ɗaya. Ya rantse in Juma'a ta yi allon nan yana faɗin haka, zai kwance tantinsa ya koma wajen Baffa Sabbah a bayan dutse, kuma kada ka taka inda yake.

Me ka faɗa masa a waya ran nan har ya amince? Ka faɗa mini gaskiya, ni ba Baba ba ce.

Yayarka,
Fidda.

*

Aƙaba, ranar Talata.

Zuwa ga Yaya Fidda,

Ina gaishe ki, ina gaishe da Baba in zai amsa. Takardarki ta same ni lafiya.

Tun da kin ce gaskiya, ga ta. Ce masa na yi baƙi za su riƙa zuwa da irin su Risha. Na san abin da zai ɗauka, ban gyara ba. Na yi kuskure a nan, na yarda.

Amma Yaya, ki duba. Wata nawa rabon da mota ta kwana a zangonmu? Duk suna wucewa manyan zanguna masu ɗakunan gilashi da na'urar sanyi. Mu me muke da shi? Inuwar kwazazzabo, da shayinki, da labaran Baba. Abu ɗaya na gano waɗancan ba sa yi: ba sa karɓar mai kare. Mutanen Amman da yawa suna son fitowa, ba inda za su kai dabbarsu. Ustaz Hanna zango huɗu ya kira kafin ni, duk suka ce a'a.

Ni ba don son warin kifi nake zaune a nan ba, so nake zangon ya tsaya da ƙafarsa in dawo gida. Saboda haka kada ki taɓa allon nan. In aka cire shi, to ni ma na san ba ni da abin da zan dawo yi a wadin nan. Ki lallashe shi, ke yake jin maganarki.

Ki huta lafiya.
Ƙanenki, Atalla.

*

Wadi Umm Sidra, ranar Laraba.

Atalla,

Na gaishe ka, amma a taƙaice. Wai ni yake jin maganata! Kai da shi ai kanku ɗaya, dutse. Shi ya rantse, kai ka kafe, ni ce a tsakiya ina dafa wa kowa shayi.

Ya fara naɗe dardumai. Yau da safe na same shi yana sassauta turakun gefe ɗaya bayan ɗaya, yana yi a hankali kamar mai jiran wani ya hana shi. Na koma wajen murhu na yi kukana. Tantin nan Inna ce ta saƙa shi. In ya tashi daga nan, zango ya zama fili kawai, ka cika shi da karnukan duniya in ka so.

Abin mamakin kuwa, shi da Ustaz Hanna sun shaƙu. Kullum da hantsi suna zaune gindin magarya suna gardama a kan sunayen duwatsu. Ustaz ya gane akwai matsala, sai yake ɗaure Simsim can jikin mota. Jiya yake ba Baba labari cewa karen na matarsa ne, Umm Jiryis, da ta rasu a watan sanyi. Ya ce, "Ya Abu Atalla, ni da can ko kallonsa ba na yi. Yanzu in na buɗe ƙofa, shi kaɗai ke ɗaga kai." Baba ya ajiye kofinsa. Ya tashi ya ci gaba da naɗe kayansa.

Saura kwana biyu.

Fidda.

*

Wadi Umm Sidra, Alhamis da yamma.

Ƙanena Atalla,

Gaisuwa mai yawa. Nemi wuri ka zauna kafin ka karanta.

Yau da hantsi Ustaz ya kwance Simsim ya ɗan taka. Ashe maƙwabcinmu Za'al ya tsinci ɗan akuyarsa a mace a bakin kwazazzabo. Ka san Za'al, ba ya tambaya. Ya hango baƙon kare, ya sako masa karnukan garkensa biyu, shi kuma ya biyo baya da bindiga yana ihu. Wallahi ban san abin nan yana iya gudu ba. Ya wuce mota, ya wuce Ustaz, ya wuce ni, ya faɗa tantin Baba, ɓangaren maza, ya kwanta jikin sandar tsakiya ya cusa kai a gindinta yana rawar jiki.

Baba yana zaune a kan dardumar ƙarshe da bai naɗe ba. Ya kalli karen, ya kalli sandar. Za'al ya iso ƙofa ya ce, "Abu Atalla, fito mini da shi!"

Baba ya ce, "Ka makara, ɗan'uwana. Ya kama sanda. Dakilina ne."

Za'al ya ce, "Tsufa ne ya kama ka? Mutum ne ke kama sanda ya nemi mafaka. Yaushe kare ya zama dakil? Kai da bakinka kake cewa kare ba ya taka shimfiɗarka!"

Na ce a raina shi ke nan, an kama Baba da maganarsa. In ya kore shi, ya ba da wanda ya shigo ƙarƙashin sandarsa, abin da kakanninmu ba su taɓa yi ba. In ya bar shi, ya ƙaryata kansa a gaban Za'al. Sai ya gyara zama ya ce, "Wa ya ce maka kare ne? Saluki ne."

Za'al ya ce, "Saluki? Da waɗannan ƙafafun?"

Baba ya ce, "Na Madaba ne. Can duwatsunsu gajeru ne."

Za'al ya so ya daure, dariya ta ƙwace masa har ya jingina bindiga da igiyar tanti. Baba ya miƙa hannu, Atalla, hannunsa na dama, ya ɗaga leɓen Simsim ya ce, "Zo ka ƙirga." Haƙori uku ne a bakin. Ko gurasa sai Ustaz ya jiƙa masa. Za'al ya ce to kerkeci ne ke nan ya kashe masa ɗan akuya, ya zauna, ya sha gahawa kofi biyu.

Bayan ya tafi Baba ya ce in kawo bargon Risha. Yanzu haka Simsim yana kai yana minshari, Ustaz kuma ya juya mana baya yana ta goge tabarau. Baba bai ce komai a kan gobe ba, ni ma ban tambaya ba. Amma ya ce in ajiye biro kusa.

Yayarka,
Fidda.

*

Juma'a da safe.

Daga Mifle Abu Atalla zuwa ga ɗansa. Ni nake faɗa, Fidda tana rubutawa.

Bayan sallama. Na rantse a kan allonka, kuma ba na karya rantsuwa. Zangona ba ya karɓar karnuka, jiya da yau da gobe. Saluki kaɗai. Ka taho da fenti ka goge kalmar nan ka rubuta daidai.

Duk wanda ya zo da dabbarsa, a kawo mini ita in duba. Ni zan faɗi wanda yake saluki.

Turakun gefe sun sassauta, bayana kuma ba ya son sunkuyo. Ka zo da wuri.

Wassalam.