Ruwan da Muka Ba Baƙi

Hillar Sadisu, ranar Laraba

Zuwa ga Yayana Sharfuddeen,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Ruqaya da yara. Ya zaman majalisa? Layin waya ya ƙi mu kwana biyu, shi ya sa na ba direban motar kasuwa wannan takarda.

Albishirinka! Baƙin da majalisar mahaliyya, wato ƙaramar hukuma, ta turo sun zo sun tafi, kuma wallahi mun fitar da kai kunya. Ka ce rijiya ɗaya da tankinta za a iya yi bana, kuma sai an zagaya garuruwa kafin a zaɓi inda za a haƙa. To ka kwantar da hankalinka, ba garin da zai tarbe su kamar yadda muka yi.

Tun da labarin zuwansu ya iso, Baba ya tara mu 'yan lajna, wato kwamitin gari, tunda shi ne shugaba, ya ce ba za a taɓa cewa jikokin Malam Sadisu sun ba baƙo ruwan tur'a ba. Ka dai san tur'ar nan, magudanar ruwan gonaki, ita ke shayar da auduga, ita ke shayar da mu, da jakuna, da duk abin da ya ga dama ya faɗa ciki. Sai aka tura amalanke har Makwar aka ɗebo ruwan famfo. Ni da kaina na jagoranci mata muka wanke randuna, muka turara su, ruwa ya kwana ya yi sanyi ƙarara. An yanka rago, an share gari tas. Yaran da tsargiya ta kama muka bar su cikin ɗaka, har da 'yata Aya, don kada baƙi su ga ramarsu su kasa cin abinci.

Shugaban tawagar, Ustaz Ziyad, ya sha ya ƙara, yana ta lumshe ido. Da ya tambayi Baba ko muna da wata damuwa game da ruwa, sai Baba ya gyara rawani ya ce, "Alhamdu lillahi, sai godiya." Ka ji amsar manya! Yanzu sai ka faɗa mini ranar da injin haƙa zai zo, in fara tanadin guɗa.

A gaida kowa da kowa.
Ƙanwarka, Widad

*

Sennar, ranar Asabar

Zuwa ga Widad,

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ina gaida Baba da Inna gaisuwar girmamawa, ina kuma yi wa Aya sannu da jiki.

Takardarki ta same ni bayan na fito daga zaman majalisa, kuma da na karanta ta sai na gane abin da ya faru da ni a zauren. Ustaz Ziyad ya tashi ya shaida wa kowa cewa a Hillar Sadisu ya sha ruwan da ya fi na gidansa, cewa bai ga yaro marar lafiya ko ɗaya ba, kuma dattijon gari da bakinsa ya ce ba su da damuwa. Na miƙe na ce mutanena tare suke sha da dabbobi. Ya dube ni cikin ladabi ya ce shi dai abin da ya sha yake faɗa. Aka yi dariya, na zauna.

Kada ki ga laifinsa, mutumin kirki ne. Ɗaya garin da suka je, kai su aka yi bakin kududdufi aka ce ga shi nan. Majalisa abin da idonta ya gani take yi wa aiki, ba ta san cewa mu idan muka ce sai godiya, wani lokaci kuka muke yi ba.

Ba a yanke hukunci ba tukuna, sai zama na gaba. Amma yadda nake gani, rijiya ta kama hanyar wani gari. Ki faɗa wa Baba a hankali.

Wassalam.
Yayanki, Sharfuddeen

*

Hillar Sadisu, ranar Talata

Yaya,

Sallama da gaisuwa. Kowa lafiya, in ban da Aya da fitsarin jinin ya dawo mata.

Wato mu da hannunmu muka kori rijiyarmu da rago da turare! Na yi dariya har na yi hawaye, daga baya hawayen suka ci gaba su kaɗai. Amma kai ma ka ci naka rabon, ai kai ka ce a tarbe su da kyau. Ka manta gidan wa ka aika wa wannan saƙo?

Ka ce in faɗa wa Baba a hankali. Ban iya ba, ka san ni. Na same shi a zaure na zayyane masa komai, na ce mafita ɗaya ce: baƙin su dawo, a ba su abin da muke sha.

Ya ce, "Mi kike faɗi, ɗiyar nan? Kakanninmu da ƙafa sunka taho wagga ƙasa, ba su da komi sai mutunci. Baƙo ya shigo gidana in miƙa mishi ƙazanta? Sai dai bayan raina."

Na ce, "Baba, ƙazantar ita muke miƙa wa jikokinka safe da yamma."

Ya ce in tashi in ba shi wuri. Na tashi.

Wasu samari a lajna sun ce a kawo baƙin ranar da ya tafi gona, a yi komai a bayan idonsa. Na ƙi. Bakinsa ne ya ce sai godiya, bakinsa kawai majalisa za ta yarda ya warware. Ban da haka ma, ba zan yi wa mahaifina zagon ƙasa a garinsa ba.

Abin da na yi shi ne, jiya na ce masa ƙafata na ciwo, shi ya kai Aya asibiti. Allah ya yafe mini, ƙafata lafiya lau. Ya ɗora ta a amalanke suka tafi. Aya ta ce likita ta ba ta magani, sannan likitar ta ce wa Baba, "Ya Haj, in za ta koma tur'ar nan, to ka dawo da ita bayan wata biyu, zan ajiye muku wani." Tun da suka dawo bai yi wa kowa magana ba, ko shayin la'asar bai taɓa ba.

Ka roƙi Ustaz Ziyad ya dawo, ko da shi kaɗai ne. Ban san abin da Baba zai yi ba, amma na san irin shirun nan nasa. Ka kawo su kawai, rijiyar nan tamu ce.

Taka har kullum, Widad

*

Sennar, ranar Alhamis

Widad,

Gaisuwa da fatan alheri. Na sha wuya kafin su yarda, don ba a saba zuwa gari ɗaya sau biyu ba. Za su zo ranar Lahadi, ni kuma an ce in zauna don kada a ce na sa baki. Na sa mutuncina a maganarki. Allah ya sa kin san abin da kike yi.

Sharfuddeen

*

Hillar Sadisu, ranar Litinin

Ɗana Sharfuddeen,

Ni ne mahaifinka Usmanu, ƙanwarka ka rubuta mini. Ina gaishe ka, Allah shi yi maka albarka.

Baƙinka sun zo. Ban yanka komi ba. Na ɗauki kwano na tafi tur'a da ƙafata, na ɗebo, suna kallo, na durƙusa na miƙa ma Ustaz Ziyad da hannu biyu. Ya daɗe yana duban abin da ke yawo ciki, sa'an nan ya ce, "Ya Haj, ka gafarce ni, ba ni iyawa." Na ce mishi jikata ma ba ta iyawa, amma tana sha. Sai na sa anka fito da yaran duka.

Ya ce da bakinshi zai gaya ma majalisa a haƙa rijiya nan bayan tsinkar auduga.

Tun da nike ban taɓa jin kunya irin ta jiya ba. In rijiya ta ba da ruwa, ka dawo mini da mutanen nan. Da ƙishirwa sunka bar gidana.

Wassalam.