Hannun Abba a Kwanon Fulawa

Baltimore,
Daren jiya aka shiga watan Adar na kalandar Yahudawa.

Zuwa ga Yayana Nahum,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da Yehudit da yara. Ubangiji ya ƙara muku lafiya, ya tsare ku da duk wanda ke Haifa. Mu nan kalau muke. Maigidana Efrayim yana fama da bayansa kamar kullum, 'yata Gitti ta fara zuwa makaranta da ƙafarta, Abbanmu kuma yana cin abinci, sai dai har yanzu tun da ɓarin jikinsa na dama ya shanye bakinsa bai buɗe ba.

Yaya, takardar gidan kula da tsofaffi da na aiko maka, don Allah kada ka sa mata hannu. Idan ka riga ka sa, ka yaga ta. Na rubuto ne don ba ni da fuskar faɗa maka wannan a waya.

Na gaya maka hankalin Abba ya tafi, kuma hujjata fulawa ce. Mako uku ke nan, duk sanda na fito da kwanon zan kwaɓa burodin Asabar, sai ya turo keken guragunsa ya cusa hannu ciki, wannan hannun na dama da ko cokali ba ya riƙewa, ya dunƙule yatsu yana karkarwa, fulawa ta zube masa a cinya da ƙasa. Sau ɗaya na doke hannun, Yaya. Na doke hannun mahaifinmu kamar na Gitti, na ce masa ni ba baiwar shara ba ce. Daga nan na ɗora kwanon a saman firji.

Ran Talata Reb Fishel, wato Malam Fishel, ya zo, abokin karatunsa na shekara talatin, wanda ya yi wata biyu wajen 'yarsa a Toronto. Ka san shi da baki. Yana shiga ya ce wa Abba, tsohon banza, an ce ka daina magana don kada a kayar da kai a musu. Ina cikin kai masa ƙara kan zancen fulawar sai Abba ya ɗaga hannun a iska ya sake yin abin. Reb Fishel ya ce in sauko da kwanon.

Ya ce sunan abin kemitza. Idan mutum ya kawo hadayar gari Haikali, firist yakan sa hannun dama ya damƙi garin da yatsun tsakiya uku, ya share abin da ya leƙo sama da ƙasa da babban yatsa da ƙarami, wannan damƙar ita ake ƙonawa a bagade. Ya ce da hagu ba ta karɓuwa, kuma malamai sun lissafa ta cikin ayyuka mafi wuya a Haikali. Karatun littafin malamai da suke bi shafi ɗaya kullum ya iso wannan babin mako uku da suka wuce, ranar da Abba ya fara. Ni nake kunna masa darasin a waya kowace safiya, in ajiye kusa da kunnensa in tafi wanki, ban taɓa tsayawa na ji kalma ɗaya ba. Mu da muke jikokin Haruna, zuriyar firistoci, sai da wani ya zo daga waje ya gaya mini aikin gidanmu.

Reb Fishel ya gwada yi da yatsu huɗu da gangan. Abba ya miƙa hagunsa mai lafiya ya ɓamɓare masa ƙaramin yatsa, ya harare shi. Tsohon ya yi ta dariya yana cewa ka ga wanda aka ce ba ya gane kowa. Ni na shige banɗaki na kunna famfo.

Ba zan ɓoye maka ba, na so ya zama gaskiya hankalin nasa ya tafi. Na gaji da ɗagawa da wanki, na ji haushin kana can ni ina nan, kuma in ba ya gane komai, kai shi wancan gidan ba zai zama laifi ba. Har yanzu a gajiye nake, sai mun yi maganar yadda za ka taimaka. Amma abin da ya hana ni sakewa shi ne, ranar da na kira ka na ce maka Abba ya zama jariri, ya fi mana sauƙi a kai shi, yana zaune gefena ina goge masa baki. Ya ji duka. Na durƙusa na roƙe shi gafara, ya dube ni ya daɗe, ban san me idonsa ya ce ba.

Ka gaishe mini da Yehudit, da Menashe da amaryarsa, da Goggo Perl idan kun je wurinta. Ka kira ran Lahadi bayan darasinsa, ka yi masa magana kamar da, don yana jin ka.

Ƙanwarka mai jin kunyarka,
Tirza