Wayar da Muntaka Ya Matse

Hartum, watan Rajab, 1956

Zuwa ga ƙanwata Lauratu, Tudun Wada, Zariya.

Ina gaishe ki da yara. Yaya ƙafar Inna? Ni lafiya lau, sai dai yanzu tsintsiya nake riƙewa a rumfar gyaran jiragen sama maimakon filayar aikin lantarki.

Ga yadda aka yi. Jirgin sama karkarwa yake kamar mai zazzaɓi, saboda haka wayar lantarki mai silli da yawa ake matse wa bakin ƙarfe a haɗa, ita ke jure girgiza. Muntaka, wanda na ɗauko daga unguwarmu na koya wa aiki, ya matse mai silli ɗaya, irin ta gida. Ta karye a sama, fitilun matuƙi suka mutu. Allah ya kiyaye, aka sauka lafiya. Da Baturen da ke shugabancin aikinmu ya tambaya, sai Muntaka ya ce, "Aikin Baba Nagoda ne, idonsa ya tsufa."

Bayan Salla Muntaka zai dawo gida ya buɗe shagon lantarki a ɗakin ƙofar gidanmu da na yi masa alkawari. Ki tarbe shi da fura, ya sha ya ƙoshi. Sannan ki kai shi ya ga ɗakin, amma ki riga ki ɗaure awakinki a ciki.

Allah ya yi miki albarka.

Yayanki,
Nagoda