A Kan Dokar Hana Shurin Ƙasa a Gidan Gem na Nima

Zuwa ga Alhaji, mai gidan gem, wato gidan wasannin inji, na bayan tashar mota, Nima.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da iyali, da fatan kasuwa tana albarka.

Sunana Mamman Sani, ina sayar da albasa a Agbogbloshie. Ka san ni. Ni ne mai zuwa ran Asabar bayan la'asar, wanda kake sa shi wanke hannu kafin ya taɓa inji.

Na ɗaya. Ban iya wasan faɗan nan ba, ban kuma taɓa cewa na iya ba. Duk maɓallan injin ɗaya na sani, na shurin ƙasa. Nakan durƙusar da mutumina na cikin injin in yi ta dannawa har kwandalata ta ƙare. Mako guda ina haƙuri da masu taya albasa rabin kuɗi. Gidanka ne kaɗai inda nake dukan wani ba a kira mini ɗan sanda ba.

Na biyu. Asabar ɗin bayan ƙaramar Sallah, Awudu na Maamobi, gwanin gidan, wanda ake ce wa Kwamanda, ya saka kwandala ya shigo mini wasa ban gayyace shi ba. Mutuminsa ya yi tsalle, ya juya a sama, ni ina nan ina shurina. Ya faɗi. Ya sake sakawa, ya sake faɗuwa. Har yau ban san yadda aka yi ba. Ya ce wannan ba wasa ba ne, dakan fufu ne. Ban musa ba.

Na uku. Da na dawo, na tarar ka kafa doka: ba a maimaita shuri ɗaya, kuma sabon inji na gwanaye ne, tunda suna shirin gasa da 'yan Kokomlemle. Mu sauran aka tura mu injin lungu, wanda sandarsa ta juya mutum ba ta zuwa hagu. Alhaji, mutumina ba ya iya ja da baya. Ko a dambe ana ja da baya.

Ba na ƙin gasa. Ina son kallon yaran nan, hannunsu abin mamaki ne. Amma gwani kwandala ɗaya yake sakawa ya tsaya har magariba. Mu ne muke faɗuwa, mu sake saka kwandala, mu sake faɗuwa. Ba Kwamanda ne ya saya maka fanka ba. Isufu mai doya ya daina zuwa, Kwame direba ma haka. Kuma wanda ya ƙera injin shi ya sa maɓallin nan, ba ni ba.

Roƙona: a gyara sandar injin lungu. A bar mana sabon injin tsakanin la'asar da magariba ran Asabar. Dokar kuwa, ko a soke ta ko a cire maɓallin kowa ya huta.

Ina roƙon a duba da gaggawa. Ranar da na koma gida da wuri, maiɗakina ta lura cewa Asabar ɗina babu aiki. Tun daga ranar nake raka ta unguwar Malam duk Asabar wurin yayarta, wadda mijinta ke da tsohon ciwon baya kuma yana son ba da labarinsa tun daga farko.

Allah ya ƙara maka buɗi, ya tsare injinanka daga ɗaukewar wuta, ya ba Nima nasara a Kokomlemle.

Wassalam.

Naka,
Mamman Sani, layin albasa.