Rawanina a Kan Issaka

Zuwa ga Sarkin Tasha da dattawan ƙungiyarmu masu girma,

Gaisuwa da ladabi. Ina fatan kuna lafiya tare da iyalanku. Ni ne Brimah, babban kamashon tashar motar Moshi Zango a Kumasi, kuma da hannuna na rubuta wannan, domin na gama ajin manya.

Direban motar Bawku, wanda Kirista ne, ya sa Suraj mai fenti na unguwar Suame ya zana masa labarin Linjila a bayan motarsa: matafiyin da 'yan fashi suka raunata, wani ya wuce shi, wani ya ɗauke shi. Suraj ya nuna mini hoton da zai kwaikwaya a tsohuwar kalanda. Ya ce masu zanen Turai na dā sukan naɗa wa mutumin kirkin rawani, su zuba masa haske duka, kuma fuskokin maƙwabtansu suke arowa. Ya roƙi rawanina na Salla. Na fahimci nufinsa, na ba shi, har na gyara gemu.

Da aka gama, sai ga rawanina a kan Issaka mai lodi, haske ya wanke masa fuska. Mai wucewar ya ba da baya a cikin duhu, amma ƙeyar tawa ce, kunnuwan ma nawa ne. Matata Hadija ta gane ni nan take. Daga nan ta ce ashe Issaka kyakkyawa ne. Tun aurenmu nake naɗa rawanin nan, ba ta taɓa cewa komai ba.

Motar ta ƙofar surukaina take bi. Ina roƙon a umarci Suraj ya nuna fuskata yadda ta dace da matsayina.

Naku mai biyayya,
Brimah

Zuwa ga Sarkin Tasha da dattawa,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarku, na gode da umarnin da kuka bayar cewa a nuna fuskata.

Suraj ya bi shi. Bai taɓa Issaka ba. Kawai ya juyo da kan mai wucewar, ya ba shi fuskata da gyararren gemuna, ya ƙara masa haske. A da masu sanin ƙeyata ne kaɗai suke dariya. Yanzu duk wanda ya bi motar daga Kumasi zuwa Bawku zai gan ni ina hararar Issaka, mai raunin yana kwance a ƙasa. Suraj ya ce bai ƙirƙiri kallon ba, haka ya same shi a fuskata.

Ina roƙon a maido mini da ƙeyata. Motar dai ta tashi jiya.

Waɗanda suka shaida: Muniru mai faci, Dramani mai shayi, da matata Hadija, wadda ta tsaya tana kallon bayan motar har ta sha kwana. Ban tambaye ta wa take kallo ba.

Naku cikin ladabi,
Brimah